Ko a Tsakiyar Teku, Kunya Ba Ta Tafiya Hutu

Batun da muka ɗauko a wannan karo, in mutum ya ji shi da farko zai ce ai wannan zancen masu hannu da shuni ne, babu ruwan talaka. To amma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe, domin abin ya riga ya shigo gidajenmu ta ƙofar da ba mu zata ba, wato ta hannun 'ya'yanmu da ke Turai.

Ranar wata Lahadi da hantsi muna zaune cikin mota a Gare de Bassam da ke Treichville, za mu ɗaurin aure Bassam, muna jiran a cika. Yaran mota suna ta ƙwala kira, masu ruwan leda suna zagayawa, ƙamshin soyayyen kifin masu garba ya cika wurin. Sai ga wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro a Adjamé, wanda ya shekara da shekaru yana bin mahaifinmu salla, ya shigo ya zauna kusa da mu. Bayan mun gaisa, mun tambayi mutanen gida, sai ya zaro wata takarda da ya ninke gida huɗu daga aljihun gaba, ya ce, "Ɗan Liman, gara da Allah Ya haɗa mu. Karanta mini wannan, ka gaya mini mece ce sifa."

Muka karɓa muka duba. Takarda ce da Faransanci. Ɗansa da ke aiki a Marseille ne ya saya musu tikiti, shi da Hajiya, na kwana bakwai a cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum, tun da dama za su je ganin jikansu. A ƙasan takardar an rubuta cewa an biya musu kuɗin shiga spa, da tausa sau ɗaya ga kowannensu. Kalmar nan ta spa ita ce ta zama "sifa" a bakin Baba Alhaji.

Ashe kalmar ta riga ta ɗaga hankalin gida. Wani maƙwabci ya gaya masa cewa wurin nan maza da mata ke wanka tare tsirara. Nan take ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka jirgin ba. Hajiya, wadda ciwon gwiwa ya dame ta shekaru, wadda kuma tun da aka kawo ta Abijan tana amarya ba ta san wani abu wai shi hutu ba, ta yi shiru kwana uku ba ta ce uffan ba. Yaron kuwa ya bugo waya murya na rawa, yana cewa kuɗin ba a mayarwa, kuma shi alheri ya nufa. Baba Alhaji ya dube mu ya ce, "Yanzu da furfurata zan je in tuɓe gaban Turawa?"

Amsar da muka ba shi a cikin motar nan ita ce muka ga ya dace mu faɗaɗa a nan, saboda mun tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Jirgin da abin da ke cikinsa

Mu mutanen bakin teku, jirgin fasinja ba baƙonmu ba ne. Garin da muka nufa a ranar, Grand-Bassam, shi ne hedikwatar farko ta mulkin Faransa a ƙasar nan tun 1893, kuma a zamanin da jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa, a cikin kwando ake sauko da fasinja zuwa ƙananan kwale-kwale, sa'an nan injin ɗaga kaya ya ɗora shi bisa gadar ƙarfe. Da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951, sai manyan jirage suka riƙa shigowa har cikin tafki, nan kusa da Treichville. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Jean Mermoz, ya fara zirga-zirga tsakanin Marseille da gaɓar Afirka ta Yamma a 1957. Da jirgin sama ya ƙwace fasinjoji, sai a 1970 aka sake masa fasali, aka mai da shi jirgin yawon shaƙatawa. Haka sana'ar ta juya: da ana shiga jirgi don a isa wani wuri, yanzu ana shiga don zaman cikin jirgin kansa.

Jiragen yau kuwa garuruwa ne masu tafiya. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. A cikin irin waɗannan jirage akwai gidajen abinci, kantuna, wuraren ninƙaya, akwai kuma mashaya da gidan caca, waɗanda Musulmi ya riga ya san hukuncinsu, ba sai an tsaya bayani ba. Wanda ke da ruɗani shi ne sashen da ake kira spa.

Sunan ya samo asali ne daga wani gari a ƙasar Beljiyam mai suna Spa, wanda ya shahara da maɓuɓɓugan ruwan da ake zuwa neman lafiya. A jirgi, sashe ne na gyaran jiki da hutawa. Galibi za ka tarar da sauna, wato ɗakin katako mai busasshen zafi da kan kai digiri 80 zuwa 100. Da hammam, ɗakin tururi mai zafin digiri 40 zuwa 50. Da kwamin ruwan ɗumi mai ɓulɓula wanda ake kira jacuzzi. Da gadaje na dutse masu ɗumi. Da ƙananan ɗakunan tausa. Da wurin aski, gyaran gashi da yankan farce.

Da muka lissafa wa Baba Alhaji waɗannan, sai ya yi dariya ya ce, "To ai duk muna da su." Gaskiyarsa kuwa. Ɗakin tururi ɗan'uwan sirace ne da iyayenmu mata ke yi mana da ganyen darbejiya in zazzaɓi ya kama mu. Tausa mun gaje ta. Dilka da halawa da lalle da turaren wuta, babu amaryar da ba ta san su ba. Wanzami da mai yankan farce kuwa, ga su nan a bakin tashar da muke zaune, yawancinsu ma 'yan'uwanmu ne. Har gidan wanka na kuɗi, wanda matafiyin da ya kwana a hanya kan biya a ba shi bokiti ya shiga ya ja ƙofa, mun san shi. Bambancin ɗaya ne, kuma a kansa duk maganarmu ta tsaya: namu an gina shi bisa raba maza da mata da kuma sutura, nasu kuwa waɗanda suka tsara shi ba da mu suka yi shawara ba.

Abin da malamai suka riga suka faɗa

Kada wani ya zaci wannan sabuwar mas'ala ce da littattafanmu ba su san ta ba. Musulmi sun tarar da gidajen wanka na tururi a Sham da Masar tun ƙarnin farko, suka kuma gina nasu a Bagadaza, Fas da Ƙurɗuba. Saboda haka malaman fiƙihu sun yi magana a kai filla-filla. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda kusan duk wanda ya zauna zauren malami a cikinmu ya ji karatunta, an hana namiji shiga gidan wanka ba tare da gyauto ba, an kuma taƙaita shigar mace ga halin lalurar rashin lafiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya jero ladubban shiga a cikin Ihya'u: mutum ya rufe al'aurarsa, ya kawar da idonsa daga ta wani, ya hana mai tausa taɓa cinyarsa da ƙasan cibiyarsa, ya nemi lokacin da wurin ba kowa, ya biya kuɗi kafin ya shiga, kuma zafin wurin ya tuna masa da zafin Lahira.

Mai karatu zai lura cewa babu wanda ya ce tururi haramun ne, ko ruwan ɗumi, ko hutu. Jiki amana ne, yana da haƙƙi a kan mai shi. Abin da aka tsare shi ne al'aura, da ido, da hannu. Daga nan muka fitar da tambayoyi uku da muka ce wa Baba Alhaji su ne mabuɗin komai: wa zai gan ni, wa zan gani, wa zai taɓa ni?

Wa zai gan ni? Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ko a Adjamé ko a tsakiyar Bahar Rum. Ɗan kamfan ninƙaya da Turawa ke sawa bai rufe ta ba. Namijin da zai shiga sai ya tanadi wando mai kauri da ya sauka ƙasan gwiwa ya kuma hau saman cibiya, wanda ba ya manne wa jiki in ya jiƙe. A ɗakin sauya tufafi ma, ko da na maza zalla ne, kada ganin wasu sun tuɓe ya sa shi ma ya tuɓe. Akwai ƙananan ɗakuna masu ƙofa, in babu kuwa ya sauya a ɗakinsa ya taho da rigar wanka a sama. Ita kuwa mace, muddin wurin na gauraye ne, to magana ta ƙare, ba wurinta ba ne.

Wa zan gani? Nan ne maƙwabcin Baba Alhaji yake da rabin gaskiya. A yawancin jirage, sashen tururi da kwamin ruwan ɗumi na maza da mata ne tare, kowa da kayan ninƙaya. A jiragen kamfanonin Jamus kuwa, al'adarsu ita ce a shiga sauna ba tufafi sam, maza da mata a haɗe. Sa'an nan akwai jiragen da ke da sauna ta maza daban, ta mata daban, a cikin ɗakunan sauya tufafi, da waɗanda ke ware wa mata sa'o'i na musamman. Ashe ke nan ba a yi wa jirage duka hukunci ɗaya, sai an tambaya. Wanda ya rufe tasa al'aurar amma ya zauna a inda ta wasu ke buɗe, bai kuɓuta ba, domin an umarce mu da runtse ido kamar yadda aka umarce mu da sutura. Kalmar da za a nema a takarda ko a bakin ƙofa ita ce mixte. In an gan ta, a ja da baya.

Wa zai taɓa ni? Ma'aikatan tausa a jirage yawancinsu mata ne, kuma in ba ka yi magana ba, wanda ke da sarari shi za a ba ka. Namiji ya kwanta mace ta shafa masa mai a ɗakin da aka rufe, wannan ya haɗa taɓawa da keɓewa, kuma tsufa ko kyakkyawar niyya ba sa halatta shi. Haka mace da namiji. Amma neman namiji ga namiji, mace ga mace, abu ne da suka saba ji, ba kuma abin kunya ba ne. Sai dai a nema tun ranar farko, domin maza masu tausa kaɗan ne. In ba a samu ba, a haƙura, ko a nemi a musanya da aski ko gyaran ƙafa. In an samu, a faɗa tun kafin a fara: baya, kafaɗu, wuya, da gwiwa zuwa ƙasa, tsakanin cibiya da gwiwa a bar shi a rufe. Game da abin da Musulma za ta iya buɗewa a gaban macen da ba Musulma ba, malamanmu sun yi saɓani, wasu sun tsananta ƙwarai. Hajiyar da ke da lalurar gwiwa ta buɗe gwiwar kaɗai, ta kuma tambayi malaminta kafin tafiya. Akwai bambanci tsakanin tausar da likita ya rubuta don magani da wadda ake yi don jin daɗi kawai, kuma lalura gwargwadonta ake auna ta.

Akwai karin maganar da wasu kan kawo a nan, wai in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan ta yi daidai a kan gaisuwa da cin abinci da bin layi. Ba ta hau kan al'aura ba.

Tsarki da salla

Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani matafiyin teku ne ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, saboda ruwan shan da suke ɗauka kaɗan ne, aka kuma halatta masa alwala da na teku. Ruwan famfon jirgi, wanda galibi daga teku ake tace shi, babu laifi a kansa. Amma ruwan da aka zuba wa mai ko turare ko madara har launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canja, ba a alwala da shi, ba a wankan ibada da shi, ko da ya fi kowane ruwa ƙamshi.

Kada kuma wanda wanka ya wajaba a kansa ya ce ai ya nutse a kwami ya fito, shi ke nan. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka koya tun daga Ahalari da Ishmawi, sai da niyya, da game jiki da ruwa, da cuɗawa, da tsettsefe gashi, da gaggautawa. Wannan a banɗakin ɗakinka za ka yi shi cikin sirri. Man tausa mai kauri, da laka ko kakin da ake shafawa a fata, a wanke su sarai kafin alwala, domin duk abin da ya hana ruwa taɓa fata ya hana alwala inganta. Ga iyayenmu mata da ƙannenmu: jan farce irin na kanti yana hana ruwa isa ga farce, lalle kuwa ba ya hanawa. In mai gyaran farce ta ɗauko kwalba, a ce mata a'a tun kafin ta buɗe.

A sashen nan an rage haske, an sa kiɗa mai sanyi, komai an tsara shi don mutum ya manta da lokaci. Mai hankali sai ya duba lokacin salla kafin ya karɓi sa'ar da za a ba shi, kada a rubuta masa tausa daf da faɗuwar rana Magariba ta wuce shi yana kwance. A jirgi alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, saboda haka a duba kamfas ko waya a kowace salla, a yi ta a tsaye muddin ana iyawa. Wanda ke neman jirgin da aka tsara da Musulmi a zuciya, ya sani cewa a watan Disamba na 2024 wani jirgin Saudiyya mai suna Aroya ya fara tashi daga Jidda, da ɗakunan salla, kuma ba a sayar da giya a cikinsa. Duk da haka ko a can tambayoyin nan uku ba su faɗi ba.

Lafiya

Zafi magani ne, amma ba ga kowa ba. Mu Hausawa mun ga wannan a gida. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Abin da zafi ke yi wa mai jego, yana iya yi wa dattijo. Zafin sauna yana buɗe jijiyoyin jini, ya sa zuciya ta ƙara gudu, ya fitar da ruwan jiki ta gumi. Mutum ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon sukari, da mace mai juna biyu, kada su shiga sai sun tambayi likitansu tun a nan gida. Mai lafiya ma kada ya wuce minti 10 zuwa 15, ya sha ruwa kafin da bayan, kada ya shiga da cikakken ciki, kada kuma ya shiga yana azumi. Mai ciwon sukari ya ƙara kula da ƙafafunsa, domin sau da yawa ba ya jin ƙuna sai ta riga ta yi rauni.

Kwamin ruwan ɗumi kuma yana da nasa haɗarin in ba a kula da tsabtarsa ba. A 1994, a wani jirgi mai suna Horizon da ke tashi daga New York zuwa Bermuda, fasinjoji kusan 50 sun kamu da wani mugun ciwon huhu, ɗaya ya rasu, aka kuma gano ƙwayar cutar a matacin ruwan kwamin. Ba shan ruwan ke kawo ta ba, shaƙar feshinsa ne. Tun daga nan an tsananta dokokin tsabta, amma tsofaffi da masu shan taba da masu raunin jiki su ne suka fi shiga haɗari. Duk wanda ya dawo daga irin wannan tafiya ya ji zazzaɓi da tari cikin mako biyu, ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita inda ya je, kada a tsaya kan maganin zazzaɓin sauro kawai.

Kuɗi

A cikin jirgi ba a riƙe kuɗi a hannu. Kati ake ba ka, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma aljihu. Duk abin da ka karɓa a rubuta, sai ranar sauka a miƙo lissafi. Wanda bai ga kuɗi suna fita daga hannunsa ba, ba ya jin zafinsu. Tausar da ba ta cika awa ɗaya ba takan haura Yuro 100, kuma tun da Yuro ɗaya kusan Sefa 656 ne, wannan ya zarce Sefa dubu 65. A kan wannan, kamfanoni da yawa suna ƙara tukuicin dole, wanda a wasu jirage yakan kai kashi 18 ko 20 cikin ɗari. Bayan an gama kuma, kana kwance jiki ya mutu, sai a kawo maka kwalaben mai da sabulu a ce fatarka na bukatarsu. Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, wani ɓangare na abincinta daga cinikin nan yake fitowa. Amma kai ma ba dole ba ne. A ce an gode, cikin mutunci, a tashi.

Dubi hikimar Imam Gazali da ya ce a biya kafin a shiga, don kada a yi ciniki cikin duhu. A tambayi farashi duka, har da ƙari, kafin a kwanta. A ranar shiga jirgi akan buɗe sashen don baƙi su zagaya su gani kyauta. Wannan ita ce damar da za a leƙa da ido, da tufafi a jiki, a yi duk tambayoyi. Ranakun da jirgi ya tsaya a gari fasinjoji suka sauka yawo kuwa, wurin yakan zama ba kowa, farashi ma yakan sauka. Ga mai neman lokacin da babu jama'a, kamar yadda malamai suka yi wasiyya, babu kamar wannan.

Ga 'ya'ya da iyaye

'Yan'uwanmu da ke Faransa, Italiya, Beljiyam da sauran wurare, Allah Ya saka muku da alheri bisa tuna iyaye. Amma kafin ku biya, ku tuna wa za ku saya wa. Abin da idonku ya saba gani har ya daina ba ku mamaki, ga mahaifinku abin kunya ne da zai bi shi har gida. Ku tambayi kamfani, ku nemi amsa a rubuce, ku kuma yi wa iyaye bayani da Hausa, ba ku aiko da takarda maƙwabci ya fassara ba.

Iyayenmu kuma, ku gafarce mu, kada a mayar da kyautar ɗa gaba ɗaya saboda ɗaki ɗaya a cikin jirgi mai ɗaki dubu. Babu wanda ake tilasta wa shiga. Mutum na iya kwana bakwai yana kallon ikon Allah a kan teku, yana sallarsa, yana cin kifinsa, bai ko bi ta ƙofar sashen ba. A kuma tuna da Hajiya. Matar da ta shekara arba'in tana tsugune gaban murhu, in an sami mace 'yar'uwarta da za ta tausa mata gwiwa a ɗaki rufe, ba mu ga dalilin hana ta ba. Kishi na gari shi ne ka tsare mata sutura, ba ka tsare mata sauƙi ba.

Wanda kuma ya ce shi ba shi da ɗa a Turai, to ya duba kusa. Otal-otal na bakin teku a Bassam da Assinie, da gidajen gyaran jiki da suka yawaita a Marcory da Cocody, inda amarenmu da samarinmu suka fara zuwa, duk tambayoyin nan uku ne ke jiransu a bakin ƙofa.

Kafin mota ta wuce Port-Bouët, mun rubuta wa Baba Alhaji tambayoyi biyar da Faransanci a bayan takardarsa, don ya aika wa ɗansa: ko sashen na gauraye ne, ko akwai wuri ko lokaci na mata zalla, ko ana shiga sauna da tufafi, ko za a sami namiji ya yi wa Alhaji, mace ta yi wa Hajiya, da kuma ko akwai wani kuɗi da za a ƙara bisa wanda aka biya. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya yi shiru har muka fara hango itatuwan kwakwa na hanyar Bassam. Sa'an nan ya ce, "Ɗan Liman, in amsa ta yi kyau, ita ta shiga. Ni dai a bar ni da wanzamina." Muka ce, "Baba, hakan ma ya yi."

Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya suturta mu duniya da Lahira, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka a duk inda suke, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya.